Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Mokwa: A Bar Wa Rafi Hanyarsa

Mai girma Ciyaman,

 Ina miƙa ta'aziyyata gare ka da ɗaukacin jama'ar Mokwa, Nufawa da Hausawa da Yarbawa da duk wanda neman abinci ya zaunar a garin, kan rayukan da ambaliyar asubahin Alhamis, 29 ga Mayu, 2025 ta tafi da su. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Waɗanda kuma ba su samu ko gawar nasu sun yi mata sutura ba, Allah ya ba su juriya, domin nasu raɗaɗin daban ne.

Ni ba ɗan garinku ba ne, amma ba a zama ɗan Arewa a ce Mokwa ba ta shafe ka ba. Tirelar shanu da ta albasa da ta wake, in ta nufi Ilori ko Ikko, sau da yawa sai ta yi sallama da ku kafin ta tsallake gadar Jebba. Ɗaya daga unguwanni biyun da ruwan ya fi yi wa ɓarna ma sunanta Unguwar Hausawa, ɗayar kuwa Tiffin Maza. Cikin mamatan akwai almajirai da iyayensu ke can wasu jihohi, waɗanda labari ya iske ana shirin Babbar Sallah. Wannan ne ya ba ni bakin magana, kuma maganar tawa guda ce, ranka ya daɗe: kada a yarda a sake aza harsashin gidan kwana a hanyar wannan ruwa. Cikin dukkan masu riƙe da muƙami a ƙasar nan, daga Abuja har Minna, babu wanda ya fi ka kusa da wurin da za a hana hakan.

Hukumomi sun tabbatar da mutuwar sama da mutum 200, wasu ɗaruruwa sun ɓace, fiye da 3,000 sun rasa matsuguni. A kwanakin farko an yi ta raɗe-raɗin cewa madatsar Kainji ko ta Jebba ce ta saki ruwa. Ministan albarkatun ruwa na wancan lokaci, Farfesa Joseph Utsev, ya fito ya ce ba haka ba ne. Bayaninsa shi ne an tafka ruwan sama mai yawa, ruwan ya nemi wani reshe na rafin Dingi da kusan duk shekara a bushe yake, sai ya tarar gine-ginen da ba a tsara ba sun tare shi. Mazauna garin kuma sun shaida wa 'yan jarida cewa ruwa ya yi kwanaki yana taruwa a bayan tudun da layin dogo ya hau, saboda tarkace ya toshe kwalbatocin da ya saba bi, har tudun ya kasa riƙe shi ya ɓalle. Ko wanne aka ɗauka cikin bayanan nan biyu, wuri ɗaya suka dosa. Ruwa yana da hanya, an tare ta, an kuma kwantar da mutane a kanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gargaɗi ya riga ruwan isowa. A watan Afrilun shekarar, hukumar kula da yanayin ruwa ta ƙasa, NIHSA, ta fitar da hasashenta na shekara, inda ta lissafa garuruwa da ƙauyuka 1,249 a ƙananan hukumomi 176 da ke cikin babban haɗarin ambaliya, kuma ministan ya ce Mokwa na cikin wuraren da aka ja wa kunne. To amma wannan hasashe a ɗakin taro ake karanta shi, da Turanci, a gaban masu kyamara. Ba ya cewa layin gidan wane ne zai fara nutsewa, ba ya nuna kwalbatin da ta cika da yashi da leda. Wanda zai mayar da sunan ƙaramar hukuma a takarda ya zama sunan unguwa da lungu, sai wanda ya san unguwar da lungun. Ma'aikacin Abuja ba zai iya ba ko ya so.

Bari in tsaya kan yadda gida ke zuwa bakin rafi, domin a nan ne ake yawan yi wa talaka rashin adalci. Da zarar an yi ambaliya sai ka ji masu magana a rediyo suna cewa mutanenmu ba sa jin gargaɗi, da gangan suke gini a magudanar ruwa. Wanda ya taɓa neman fili da kuɗin da ya tara daga dako ko faskare ya san zancen ba haka yake ba. Gari ya bunƙasa, gonar bakin gari ta yi daraja, magada su ga cewa sayar da ita ya fi noma ta riba. Sai a kira mai awo ya zo da igiya, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a kafa duwatsu. Filayen kan tudu su yi tsada, masu hali su kwashe. Na gangare, wanda ke kallon kwari, shi ne ake cewa an yi sauƙi. Kuma da rani ake cinikin, lokacin da rafin ya zama rairayi tsantsa, yara na buga ƙwallo a cikinsa, akuyoyi na kwance. Dillali ya ce da mai saye, ai tun kakanninmu ruwa bai taɓa hawowa nan ba. A rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, kowa ya karɓi la'adarsa, a yi addu'a a watse. Baƙon da ya zo daga Sakkwato ko Katsina shekara biyar da suka wuce, ina zai san inda ruwa ya kai a zamanin da ba a haife shi ba? Waɗanda suka sani su ne suka sayar masa, su ne kuma suka shaida cinikin.

Sannan kowane sabon gida yana ƙara wa na ƙasa da shi haɗari, ko mai shi bai nufa ba. Gona tana shan ruwan sama. Kwano da daɓen siminti ba sa sha, turawa suke yi gaba. Lissafin ba shi da wuya: rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai milimita 50, zai zubar da lita 5,000, wato duro 25 daga gida ɗaya a dare ɗaya. A ninka wannan da gidajen unguwa guda. Duk ruwan nan rafin zai nufa, rafin da a daidai lokacin ake ta matse shi: wannan ya ci taku biyu ya ja katanga, wancan ya zuba buhunan ƙasa ya fitar da shago, bola ta cike abin da ya rage. Ruwa ya ƙaru, hanya ta ragu, dole ya hau sama ya kuma ƙara gudu. Rafin da ke gudana shekara duka ma ya fi wannan sauƙi, domin kullum yana tuna wa mutane da kansa. Mai bushewa shi ne mai yaudara. Hakimin garinku ya shaida wa 'yan jarida cewa an yi shekara 60 ba a ga irin wannan ba, kuma shekara 60 ta isa a haifi mutum, ya yi jikoki, bai taɓa ganin rafin a cike ba. Maiduguri ta ga haka: madatsar Alau ta ɓalle a 1994, aka yi shekara 30 gari na ta matsawa bakin kogin Ngadda, ta sake ɓallewa a Satumban 2024.

Na san amsar da ake bayarwa a sakatariyoyin ƙananan hukumomi: harkar fili ta gwamna ce. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, shi ke kula da wuraren da aka ayyana a matsayin birni, sauran kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya a kansu. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumar tsara gari a matakai uku, har da matakin ƙaramar hukuma, ko da yake hukuncin Kotun Ƙoli na 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ya tabbatar da cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Jiharku tana da hukumar raya birane da ke duba izinin gini. Duk da haka, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara, da raɗa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba. Wanda doka ta ba aikin sa wa gida lamba ba zai ce bai san inda aka gina shi ba. Majalisar kansilolinka kuma tana da ikon yin dokokin cikin gida. Abin da ya wuce ikonka, kana da ƙafar zuwa Minna da bakin faɗa, kuma bayan abin da ya faru babu ofishin da zai rufe wa shugaban Mokwa ƙofa a kan maganar ruwa.

Abu na farko da nake roƙo shi ne a ja layi a ƙasa, layin da ido zai gani. Ruwan nan ya bar shaidarsa: tabon laka a bangon da ya tsira, tarkace a rassan itatuwa, da bakin mutanen da suka hau rufi suka ga inda ya tsaya. Wannan shaida ba ta daɗewa. Fenti zai rufe ta, masu tunawa za su ƙaura ko su rasu. A haɗa injiniyoyin jiha da dattawan unguwa, masu kimiyya da masu tarihin wurin, a bi gaɓar rafin taku-taku tun daga layin dogo har inda ya fice daga gari, a kafa turakun kankare masu tsayi, a shafa musu jan fenti. Taswirar da ke cikin kwamfuta a Minna tana da amfaninta, amma mai sayen fili ba zai gan ta ba. Turke kuwa ko wanda bai yi boko ba zai tambaya, wannan na mene ne? Tambayar nan kaɗai za ta lalata cinikin dillalin da ba ya tsoron Allah.

Daga nan sai kansiloli su zauna su yi doka gajeriya, wadda za a iya karantawa a masallacin Juma'a da coci da tasha, da Nufanci da Hausa da Yarbanci: a cikin turakun nan ba a sayar da filin gini, ba a shaida cinikinsa, ba a aza bulo. Hukuncin kuma ya fi nauyi a kan mai sayarwa da dillali da wanda ya buga hatimi, ya fi sauƙi a kan mai saye. A nan dole a tafi da masarauta. Masu unguwanni ba maƙiyan wannan aiki ba ne, su ma sun yi jana'izar mutanensu. Sai dai a gane cewa yawancinsu ba su da wani albashin kirki, la'adar fili ce cefanensu. In ana so mai unguwa ya ce a'a ga cinikin da zai ci a ciki, sai a tsaya masa ta wata hanyar, a kuma sanar da shi cewa hatiminsa a kan filin cikin rafi zai iya raba shi da rawaninsa. Magini ma a sa shi cikin maganar. Babu ginin da ke tashi ba tare da birkila da mai kawo yashi da mai buga bulo ba, kuma dukkansu suna da ƙungiyoyi da shugabanni da za a iya zama da su.

Yanzu ga wuri mai wuya, ranka ya daɗe. Hana sabon gini abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da tayar da wanda ya riga ya zauna, ko wanda ruwa ya rusa wa gida ya dawo yana tattara bulon da ya rage. Abin da muka saba gani a garuruwanmu shi ne jan fenti a bango, wa'adin kwana kaɗan, sai katafila. Ba na goyon bayan wannan. Hukumar da ta yi shiru ana gini, wataƙila ma ta karɓi haraji a kan shagon, ba ta da bakin da za ta wayi gari ta kira mai gidan mai laifi shi kaɗai. Dokar 1978 ɗin nan da ta ba da ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, ita ce kuma ta yi maganar diyya kan abin da mutum ya gina. Bayan diyya ma akwai tambayar da ta fi ta: ina zai koma? Mutumin da aka kora daga bakin rafi ba a nuna masa wani wuri ba, bakin wani rafin zai nufa, domin nan ne kuɗinsa ke kaiwa.

Kuma ba kowane fili ne madadi ba. 'Yan'uwanmu na Yamai sun gwada. Bayan ambaliyar 2012 an ba mutanen bakin kogin Kwara filaye a Seno, can bayan gari, amma da yawa suka koma inda suka fito, saboda masunci da mai lambu da mai talla ba sa rayuwa nesa da abin da suke ci da shi. Da kogin ya sake cika a 2020, unguwannin gaɓa irin su Lamorde suka sake nutsewa. Mutumin Unguwar Hausawa da ke dako a kasuwa ko sayar da shayi a bakin titi, in aka kai shi inda kuɗin acaɓa zai cinye ribarsa ta yini, ba zai zauna ba. Zai sayar da takardar ya dawo. Saboda haka filin da za a bayar ya kasance a kan tudu, kusa da gari, an fitar da titi, an haƙa rijiyar burtsatse, an ware wurin masallaci da makaranta da maƙabarta kafin a ce kowa ya tashi. A rubuta sunayen masu karɓa a bainar jama'a, a manna a ƙofar hakimi, domin duk mun san yadda filin 'yan gudun hijira ke komawa hannun waɗanda ko takalminsu bai jiƙe ba. Kada kuma a manta da 'yan haya, waɗanda ba su da takardar komai amma su ma sun rasa komai. Makarantun allo su ne ya kamata a fara ɗaukewa, domin a nan ne yara da yawa ke kwana wuri ɗaya, a ƙasa, ba tare da babban da zai ɗauki kowannensu ya gudu ba.

Wurin da aka tasa kuma kada a bar shi fayau. Fili babu kowa a tsakiyar gari ba ya shekara biyar sai wani ya gano cewa na kakansa ne, ko wani mai ƙarfi ya samo takarda daga sama. A ba shi aikin da ruwa ba zai kashe kowa a kansa ba: lambun rani, filin ƙwallo, filin idi, itatuwan mangwaro da gora da za su riƙe gaɓa. In matasan unguwa na wasa a wurin, mata na shuka alayyafo, to ya samu masu gadi da ba a biyan su. Wannan ma ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan hurumin rijiya da na ƙorama, cewa akwai tazarar da ba ta mutum ɗaya ba ce, ta jama'a ce.

Dokar za ta tsaya ko ta faɗi ne ranar da ta ci karo da mai kuɗi. Talaka yana kallo. In aka rushe ɗakinsa na laka aka bar gidan mai ko rukunin shagunan da ya zauna daram a kan magudana, to an koya wa gari duka cewa turakun nan farashi gare su. Kano ta ɗanɗana wannan a 2022, lokacin da ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, sai bayan ɓarna aka koma rushe gine-ginen da ke kan hanyar ruwa. In akwai ginin babban mutum a cikin layinku, da shi za a fara, a biya shi abin da doka ta ce, a cire shi rana tsaka kowa na gani. Bayan wannan ba za ka sha wahalar shawo kan sauran ba.

Za a ce maka ƙaddara ce, kuma ni ma na yi imani babu ran da zai wuce kwanansa. Amma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, bai kuma ɗauki hakan a matsayin raunin tawakkali ba. Waɗanda suka rasu sun cika wa'adinsu. Wanda aka ba amanar gari kuwa za a tambaye shi abin da ya yi da abin da ya sani, kuma bayan 29 ga Mayu babu wanda zai ce bai san inda ruwan Mokwa ke bi ba. Ina roƙon limamai su faɗi wannan a kan mumbari, domin kalma ɗaya daga bakinsu ta fi sanarwar gwamnati goma shiga kunne.

Maganar kuɗi ba zan tsawaita ta ba. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira biliyan 2 lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo jaje, ga kuma gudummawar da ta fito daga wurare da dama. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. Shinkafa da tabarma wajibi ne a makon farko, amma ana cinye su. A ware wani kaso a fili domin turaku da sabon matsuguni, a kuma faɗa wa jama'a nawa ne. Galibin abin da na lissafa ma ba kuɗi yake ci ba kamar yadda yake cin jajircewa.

Saura kwalbatocin layin dogo. Ba mallakar ƙaramar hukuma ba ne, na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ne, amma mutanenka ne ke kwana a ƙasansu. A rubuta wa hukumar a hukumance duk shekara kafin ruwan farko, a nemi a zo a duba tudun da mashigar ruwan tare da injiniyanku. A sa mutum biyu ko uku daga unguwar, da ɗan alawus da lambar wayar da za a ɗauka ko tsakar dare ne, aikinsu kawai su leƙa bayan tudun duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi. In sun ga ruwa ya tsaya ba ya wucewa, a yi shela da lasifikar masallaci, kowa ya san tudun da zai nufa tun kafin ranar ta zo. Yashe kwalbati da magudana kuwa a sa shi cikin kasafin kowace shekara, a gama shi a watan Afrilu.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka mashawarta na gari.

Wassalam,
Naka mai fatan alheri ga Mokwa da mutanenta.